Awar aikin hannu ba ta sharar fili ba ce

A makarantunmu na Dogon Dutsi da Tibiri, awar APP, wato aikin hannu, ta koma sharar fili da ɗiban ruwa. Ni ma na yi shekaru a haka, sai bara na sake shawara.

Na sa ƴan ajina suka zana dagi a kwali, suka yanke shi da reza. Muka ɗora kan farin yadi, muka shafa dafaffen kullun rogo, ya bushe, muka tsoma a baba. Da aka wanke, inda kullu ya rufe ya fito fari, sauran shuɗi, sai ka ce zanen kakanninmu. Haka masu adire na Abeokuta ke yi da faifan kwano. Marinar Ƙofar Mata a Kano kuwa, wadda ake cewa tun 1498 take, har yau tana ciyar da gidaje.

Wani uba ya ce mini boko ya turo ɗansa, ba rini ba. To amma yaron da ya auna santimita 20 tsakanin dagi da dagi, ai lissafi ya yi. Labulen yana rataye a ƙofar ɗakin uwarsa.

Iyaye, ku taimaka da yadi ko da mita ɗaya ne. Malamai, mu ajiye tsintsiya.