Ɗalibin Da Bai Zaɓi Fanni Ba: Me Zai Rubuta A Takardar Neman Aiki?



Wannan rubutu na yi shi ne saboda 'yan'uwanmu matasa da ke karatu a jami'o'in Amurka, da kuma iyayensu da ke nan gida, domin su ma iyayen suna da hannu a cikin matsalar, ko da ba su ankara ba.

Mu a Nijeriya mun saba tun daga fom ɗin JAMB yaro ke faɗin abin da zai karanta, ko ya samu, ko a jefa shi wani sashe da bai nema ba. A Amurka kuwa jami'o'i da yawa sukan ɗauki ɗalibi ba tare da ya zaɓi fanni ba. Zai fara da darussan bai-ɗaya, kamar lissafi da rubutu da tarihi da kimiyya, sannan a yawancin jami'o'in sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ake wajabta masa ya tsayar da fanni. Irin wannan ɗalibi shi suke kira "undeclared". Tsari ne sananne a wajensu, ba wanda ke kallon mai shi a matsayin wanda ya faɗi.

To, matsalar tana tasowa ne ranar da yaron ya zauna rubuta takardar tarihin karatunsa da aikinsa, wato abin da muke kira CV, domin neman aiki. Sai ya iso layin da ake sa fanni, ya tsaya cak. Tun ranar da aka raka shi filin jirgi dangi ke kiransa Dakta ko Injiniya, mahaifinsa ya gama shaida wa 'yan majalisarsu cewa ɗansa likitanci yake karantawa, alhali yaron ko darasin sinadarai na farko bai gama ba. Kunya sai ta sa ya rubuta fannin da ba a ɗauke shi a ciki ba, yana ganin ai ƙarshenta can zai je.

Ra'ayina shi ne wannan ƙarya ce, komai ƙanƙantarta, kuma ƙarya ce marar riba. Ku duba da kyau, ya 'yan'uwa. Ɗalibin da ya shiga da bizar F-1, aikin da doka ta ba shi dama tun farko shi ne na cikin harabar jami'a, kamar laburare ko ɗakin cin abinci ko ɗakin kwamfuta, kuma kada ya wuce awa 20 a mako yayin da ake zangon karatu. Ke nan mai ɗaukarsa aikin, mafi yawan lokaci, ita ce jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinsa. Wa zai yaudara? In kuma aikin koyon sana'a ne a wani kamfani na waje, yawanci sai da izinin da ake kira CPT, wanda a ƙa'ida ba a bayarwa sai ɗalibi ya cika shekarar karatu guda, kuma sai aikin ya danganci fannin da yake karantawa. Shi ya sa jami'o'i da dama ba sa sa hannu sai ka tsayar da fanni tukuna. Wanda ya rubuta wa kamfani fanni na ƙarya, ranar da aka zo cike takardu, abin da ke kan takardarsa ta I-20 zai ƙaryata shi. Yin aiki ba izini kuwa yana iya jawo masa rasa matsayinsa na ɗalibi baki ɗaya, bayan iyaye sun sayar da gona ko fili sun tura shi. Ban da wannan ma, akwai cibiyar National Student Clearinghouse, wadda aka kafa a 1993, da kamfanoni ke tuntuɓa don tabbatar da rajistar ɗalibi da digirinsa.

To me zai rubuta? Sunan jami'ar, da shekarar da yake sa ran gamawa, sannan ya faɗi gaskiya cewa bai tsayar da fanni ba, ya ƙara da inda hankalinsa ya karkata, misali lissafin kuɗi ko kimiyyar kwamfuta. A ƙarƙashi ya jero darussa uku ko huɗu da ya ɗauka waɗanda suka shafi aikin. In matsakaicin makinsa ya kai 3.0 cikin 4.0 ya sa, in bai kai ba ya bar shi, ba dole ba ne.

Inda yaranmu suka fi cutar kansu shi ne sashen ƙwarewar aiki. Sai ka ji yaro ya ce bai taɓa aiki ba. Wanda ya shekara uku yana tsare wa yayansa shago a Kantin Kwari, yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, yana lallashin mai saye da ya fusata, yana bin bashi, wannan bai yi aiki ba? Wadda ta riƙe ajin yara a makarantar Islamiyya, tana kiran suna, tana shirya jarrabawa, tana rubuta sakamako, ita ma ba ta yi aiki ba? Ai abin da mai laburare ko mai ofis ke nema ke nan, mutumin da za a bar wa amana, ya zo kan lokaci, ya iya hulɗa da jama'a. Sai dai a rubuta shi filla-filla: yara nawa ne a ajin, shekara nawa aka yi, me aka riƙe. Haka nan harsuna. Mai jin Hausa da Turanci da Larabci, ko ɗan Nijar mai Faransanci, yana da abin da yawancin 'yan ajinsa ba su da shi, amma sai ya raina shi ya ƙi rubutawa.

Akwai kuma abubuwan da muka saba cusawa a CV ɗinmu na gida: ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure, har da hoto. Duk a cire. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launin fata ko addini ko jinsi ko asalin ƙasa, don haka masu ɗaukar aiki a can ba sa son ganin waɗannan bayanai tun farko. Shafi ɗaya ya isa.

Ita kuwa wasiƙar neman aikin, a bar salon nan namu na magiya, na "a taimaka mini don Allah, ni maraya ne". Ka faɗi aikin da kake nema, ka kawo abu ɗaya ko biyu da ka taɓa yi masu kama da shi, ka faɗi ranakun da awannin da kake da sarari. Zancen fanni jimla ɗaya ta ishe shi, ba tare da ban-haƙuri ba: kana shekarar farko, ka ɗauki kaza da kaza, kana nazarin shiga sashe kaza. Kusan kowace jami'a a can tana da ofishin ba da shawara kan sana'a, inda ake duba wa ɗalibai waɗannan takardu kyauta. A kai musu kafin a aika.

Ku kuma iyaye, in yaro ya bugo waya ya ce bai zaɓi fanni ba tukuna, a tambaye shi waɗanne darussa yake ɗauka, wanne ya fi ganewa, kuma yaushe wa'adin zaɓen zai cika. A dakata da kiransa Dakta sai an ɗauke shi.