A Bar wa Kajiji Gefen Fadama

Ni manomin shinkafa ne daga Tsibiri, a ƙaramar hukumar Maradun, kuma ina cikin masu goya tankin feshi. Da hannunmu muke kashe kajiji, sannan matanmu su je kasuwar Talata Mafara su saye shi da kuɗi.

Wanda bai taɓa ganinsa a tsaye ba zai wuce shi: kara ne kore, dogo, ba ganye, sai ka murza shi da yatsu ka ji gaɓoɓinsa. Dukiyar tana cikin laka. Saiwar ake tonowa, a wanke, a shanya, a daka. Ita ke ƙamshi a turaren wuta da humrar amare. Gwaggona takan tafasa ta da citta ga mai tari ko murɗawar ciki, ta turara ɗakin mai jego da ita, ga ƙamshi ga korar sauro.

Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ambaliyar da ke jiƙa fadamun ƙasanta a gulbin Sakkwato ta ragu, tabkuna suka janye, wasu suka koma gona. Kajijin da ya saura ya fake a bakin magudanan ruwa, inda feshinmu ke iske shi. Abin da ke hana ni sakewa ke nan. Saiwar da ta sha maganin ciyawa, wani ya tono ta, a tafasa wa yaro? Mai saye ba ta da yadda za ta gane, ƙamshin ɗaya ne.

A Birazil ana kiran wannan tsiro priprioca, manoman jihar Para suna shuka shi, kamfanin Natura yana saye ya yi turare. A Kamaru masu bincike sun gwada saiwar a kan ɓeraye saboda farfaɗiya. Ɓera dai ba mutum ba ne, kada masu tallar magani da lasifika a kasuwa su yafa labarin. 

Kwalejin Aikin Gona ta Bakura tana kusa da mu; ta gwada dasa shi a fadamar da ba a fesa ba, mu ga abin da kadada za ta bayar. Kafin nan, sarkin noman kowane gari ya isa ya shata gefe guda kamar yadda ake shata burtali, ya ce daga nan zuwa can ba feshi, kuma nan kaɗai masu magani za su riƙa tono.