Sadarwar gaggawa a Sakkwato: Wa zai amsa kiran mutumin Dingyaɗi?

A watan Satumbar 2021 ne gwamnan jihar Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya bayyana cewa an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari.

Kafin watan Oktoba ya ƙare, sai ga gwamnan da kansa yana neman gwamnatin tarayya ta sake duba matakin. Dalilin da ya bayar shi ne, jami'an tsaron da ke jihar sun koka cewa rashin layin yana kawo musu cikas a aikinsu.

Tsakanin waɗannan maganganu biyu ne aka kai hari kasuwar Goronyo, ranar 17 ga watan Oktoba, inda gwamnatin jihar ta ce mutane 43 sun rasa rayukansu.

Koken jami'an tsaron ya tona wani abu da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. Hukumomin da aka katse waya domin a sauƙaƙa musu aiki, ashe su ma a kan wannan wayar suka dogara wajen magana da junansu.

Daga bisani an maido da layukan, amma matsalar da ta fito fili a wancan lokaci tana nan, kuma ta shafi garuruwan da ke kudu da birnin Sakkwato kamar yadda ta shafi gabashin jihar.

Dingyaɗi da aikin dala miliyan 470

Dingyaɗi gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Boɗinga, yankin da masu karatun tarihi suka fi sani saboda Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato. Shekaru da dama ana jin labarin 'yan bindiga ne daga nesa, daga Isa da Sabon Birni da Rabah. A 'yan shekarun nan kuwa hare-hare da satar mutane sun kai ƙauyukan Tureta da Shagari, wato maƙwabtan Boɗinga.

Garin yana da wata alaƙa ta daban da wannan batu. Ɗan garin, Muhammad Maigari Dingyaɗi, shi ne ministan harkokin 'yan sanda daga 2019 zuwa 2023, kuma ma'aikatarsa ce ta gaji ɗaya daga cikin manyan ayyukan sadarwar tsaro da Najeriya ta taɓa kashe wa kuɗi.

A shekarar 2010 aka bai wa kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 domin kafa tsarin sadarwar tsaro na ƙasa baki ɗaya. Dala miliyan 399.5 daga ciki rance ne daga bankin Exim na Sin.

Akasarin 'yan Najeriya sun san aikin ne da sunan kyamarorin Abuja, saboda kyamarorin tsaro kimanin 2,000 da aka ce za a kafa a Abuja da Legas. Sai dai kyamarorin wani ɓangare ne kawai na aikin. Ƙashin bayansa shi ne keɓaɓɓen layin sadarwa na jami'an tsaro, mai turakunsa na kansa a sassan ƙasar, wanda zai bai wa ɗan sanda damar magana da hedkwatarsa da sauran hukumomi ba tare da ya bi ta layin 'yan kasuwa ba.

Da wannan layi ya yi aiki yadda aka tsara, da katse wayar salula a 2021 bai taɓa jami'an tsaro sosai ba.

Kamfanin ya sha nanata cewa ya kammala aikinsa ya miƙa wa gwamnati. Abin da ya biyo baya labari ne da aka saba ji: ba a ware kuɗin tafiyar da tsarin ba, turaku suka rasa man janareta, ɓarayi suka kwashe batura da farantan hasken rana. Lokacin da bom ya tashi a tashar motar Nyanya a watan Afrilun 2014, jama'a sun tambayi inda kyamarorin suke. Majalisar wakilai ta gudanar da bincike, kuma a 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe rancen.

A 2022 minista Dingyaɗi ya shaida wa manema labarai cewa gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai zaman kansa domin farfaɗo da tsarin. Ba shi ne ya bayar da kwangilar ta asali ba, kuma ba a zamaninsa aikin ya lalace ba. Amma kasancewar ana maganar farfaɗowa shekara 12 bayan sa hannu, ya isa ya nuna tsawon lokacin da jami'an tsaro suka shafe ba su da abin da aka ciwo bashi dominsa.

Lambar mutum, ba lambar hukuma ba

A ƙauye irin na ƙasar Boɗinga ko Shagari, idan aka hango babura da daddare, hanyar neman agaji sananniya ce. Wanda ya gani zai kira mai gari, mai gari ya kira hakimi ko kansila ko shugaban ƙaramar hukuma, shi kuma ya kira baturen 'yan sanda ko wani hafsan soja da yake da lambarsa.

Duk waɗannan lambobi na mutane ne. Idan aka yi wa baturen 'yan sanda canjin wurin aiki, da lambarsa yake tafiya. Idan cajin wayarsa ya ƙare, ko yana wurin da babu sabis, sarƙar ta tsinke ke nan. Wanda kuma bai san kowa ba, sai dai ya nufi daji da iyalinsa.

Lambar 112 ce aka tanada domin magance wannan. Dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, alhakin samar da lambar gaggawa, kuma hukumar ta gina cibiyoyin karɓar kira a jihohi da dama. An buɗe ta Katsina a 2019, ta Abuja kuma shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita a watan Maris na 2020. Kiran kyauta ne, kuma ma'aikacin cibiyar zai tura shi ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko hukumar kiyaye haɗurra, ko jami'an Sibil Difens, ko motar ɗaukar marasa lafiya.

A birni, inda ake da sunan titi da lambar gida, tsarin yana iya amfani. A karkara kuwa akwai cikas tun daga matakin farko, domin 112 ma a kan turken kamfanin waya take hawa. Inda babu turke, ko an lalata shi, ko gwamnati ta kashe shi, lambar ba za ta shiga ba.

Ko kiran ya shiga, sai an sami mai amsawa da ya san ƙasar. Jihar Sakkwato cike take da ƙauyuka masu suna Gidan wane da Tungar wane, wasu sunansu ɗaya a ƙananan hukumomi daban-daban. Mutumin da ke magana cikin raɗa, a firgice, ba shi da lokacin yi wa baƙo kwatance.

Babban cikas ɗin kuma shi ne, cibiyar karɓar kira ba ta da ikon ba da umarni. Saƙo kawai take isarwa. Idan caji ofis ɗin da aka kira ba shi da mota, ko akwai motar babu mai, ko kuma abin ya fi ƙarfin 'yan sanda sai soja, to maganar ta sake komawa kan wanda ya san lambar wani.

Hukumomi da yawa, kowa da layinsa

Jihar Sakkwato ba ta rasa masu ɗamara ba. A nan hedkwatar runduna ta 8 ta sojan ƙasa take. Akwai 'yan sanda, da 'yan sandan ciki, da Sibil Difens, ga jiragen sojan sama da ke shawagi a yankin. A 2024 gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, kamar yadda Katsina ta yi a 2023, Zamfara kuma ta kafa Askarawa a farkon 2024. A ƙasa da su akwai 'yan banga da 'yan sa-kai.

Soja da 'yan sanda daga Abuja suke karɓar umarni. Rundunar jiha ta gwamna ce. 'Yan sa-kai kuwa sau da yawa babu mai riƙe da linzaminsu sai jama'ar garinsu. Kowace ƙungiya da aka ƙara, an ƙara bindigogi a fili, an kuma ƙara yawan mutanen da tilas a san inda suke kafin a buɗe wuta.

Abin da ya faru a Tungar Kara ta jihar Zamfara a watan Janairun 2025 ya nuna tsadar rashin wannan sani. Rahotanni sun ce mutane aƙalla 16 ne suka mutu, ciki har da askarawa da 'yan sa-kai da suka fito tunkarar 'yan bindiga, bayan da jirgin yaƙi ya kai hari a wurin. Daga sama, mutum mai bindiga a kan babur kamarsa ɗaya da wani mai bindiga a kan babur. Abin da zai bambanta su shi ne murya daga ƙasa da za ta isa ga wanda ke jagorantar jirgin cikin 'yan mintuna.

A Maga ta jihar Kebbi, inda aka sace ɗalibai mata 25 a watan Nuwambar 2025, labarin ya zo ta wata fuskar. Gwamna Nasir Idris ya ce an sami bayanan sirri tun kafin harin, an kuma tura sojoji makarantar, amma aka janye su kimanin minti 45 kafin maharan su iso, ya kuma nemi a binciko wanda ya ba da umarnin. Idan har gwamna ne ke tambayar wanda ya janye dakaru daga wata makaranta a jiharsa, to babu wani zaure guda da dukkan hukumomin ke ganin motsin juna a lokacin da ake yin sa.

Ba Najeriya kaɗai ta gamu da irin wannan ba. A harin 11 ga watan Satumbar 2001 a birnin New York na Amurka, gargaɗin da jiragen 'yan sanda masu saukar ungulu suka aiko kan halin da benen yake ciki bai isa ga 'yan kwana-kwana da yawa ba, saboda na'urorinsu ba sa jin juna. 'Yan kwana-kwana 343 ne suka mutu a ranar. Sai a 2012 majalisar dokokin ƙasar ta kafa hukumar FirstNet domin samar wa masu aikin ceto layi na bai ɗaya.

Tsoron masu kai labari

Akwai dalilin da ya sa hafsoshi ke ɗari-ɗari da buɗe layinsu ga kowa, kuma dalili ne mai ƙarfi. Masu kai wa 'yan bindiga labari, waɗanda ake kira infoma, sun zama ruwan dare, kuma su ne hujjar farko da gwamnonin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna suka kafa wajen katse waya a 2021. Kwamandan da ya sanar da mutum goma hanyar da zai bi, yana iya tarar da kwanton ɓauna a kanta.

Wayar oba-oba ta tsohon yayi kuwa, duk wanda ya sami irinta ya dace da zangon zai iya sauraro. 'Yan bindiga suna kwashe na'urorin jami'an da suka kashe tare da bindigoginsu. Ga kuma zaurukan WhatsApp da jami'ai da shugabannin al'umma ke musayar bayanai a ciki. Saƙon yana da kariya a kan hanya, amma mutum ɗaya mai baki biyu a cikin zauren ya wadatar.

Na'urorin zamani na dijital an ƙera su ne da wannan tsoro a zuciya. Suna lulluɓe magana yadda wanda ba ya cikin tsarin ba zai fahimta ba, kuma idan aka sace guda ana iya kashe ta daga hedkwata. Ana kuma iya raba masu amfani da su rukuni-rukuni, yadda ɗan rundunar jiha zai iya cewa ga inda muke, ga abin da muka gani, ba tare da ya ji shirin da soja ke yi ba. Saboda haka batun kare sirri bai hana a haɗa layi ba. Abin da yake buƙata shi ne a zauna a amince kan wanda zai ji me, da wanda zai yanke hukunci idan kira ya shigo, sannan a sami mai biyan kuɗin mai da gyara kowace shekara. A nan ne aikin 2010 ya faɗi.

Ita kuwa dabarar katse waya, an gwada ta tun kafin Sakkwato. A watan Mayun 2013 an kashe layuka a Borno da Yobe da Adamawa a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Bayan kisan ɗalibai a makarantar Mamudo ta jihar Yobe a watan Yulin shekarar, jama'a sun koka cewa rashin waya ya hana su sanar da jami'an tsaro, kuma ba a jima ba aka maido da layin a jihar.

A 2021 ma rahotanni daga garuruwan bakin iyaka sun nuna cewa 'yan bindiga sun koma amfani da layukan Jamhuriyar Nijar. Mutanen Illela ko Sabon Birni da ke da irin wannan layi su ma sun ɗan sami mafita.

Boɗinga da Shagari ba sa kan iyaka. Duk ranar da turken waya ya mutu a can, ko da gangan ko da tsautsayi, mutumin Dingyaɗi ba shi da layin wata ƙasa da zai ara, kuma baturen 'yan sandan da yake neman kira yana iya kasancewa cikin hali ɗaya da shi.