Rumbun bayanan Damargu: a zaɓi babbar manhaja mai dogon wa'adi

Alƙaluman rigakafi, haihuwa da tamowar yara da cibiyoyin lafiya na Tanut da Belbeji ke tattarawa suna shiga tsarin DHIS2 da ma'aikatar lafiya ta Nijar ke aiki da shi. Tsarin, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, yana adana bayanansa a rumbun PostgreSQL, kuma galibi a kan babbar manhajar Ubuntu ake ɗora shi. Duk ofishin magajin gari ko ƙungiyar manoman gero da ke son kafa nata rumbun, za ta fuskanci tambaya guda: wace siga za a girka wa kwamfutar da ke riƙe da bayanan?

Ubuntu na fitar da sabuwar siga duk wata shida, amma kulawar da ake ba yawancinsu wata tara ce kawai. Wadda ake kira LTS kuwa tana fita a watan Afrilu duk shekara biyu, da gyaran tsaro kyauta na shekara biyar. Wa'adin 20.04 ya cika a 2025, na 22.04 zai kai 2027, na 24.04 kuma 2029.

A ganina, LTS ce ta dace da Damargu. Inda wuta ke ɗaukewa, intanet ke tafiyar hawainiya, masanin gyara kuma sai an kira shi daga Damagaram ko Yamai, ba wanda zai iya sauya manhaja duk wata tara ba tare da jefa takardun haihuwar jama'a cikin haɗari ba.

Sai dai dogon wa'adi ma yana ƙarewa, wani lokaci tun kafin ranarsa. An yi wa masu CentOS 8 alkawarin kulawa har 2029, sai aka yanke ta a ƙarshen 2021. Windows Server 2012 ma ya rasa kulawa a Oktoban 2023. Kwamfutar ba za ta daina kunnuwa ba, amma ƙofarta a buɗe take ga masu kutse.

Don haka duk kwangilar kafa rumbun bayanai ta bayyana sigar da aka girka, ranar ƙarewar wa'adinta, da wanda zai biya kuɗin sauyawa. A kuma riƙa ajiye kwafin bayanan a wani wuri daban. 'Yan Damargu mazauna waje da ke tara kuɗi suna saya wa garuruwansu na'urori su nemi wannan ranar a rubuce kafin su biya.