Gidan Yuro Ɗaya da Labarin da Muke Tsallakewa



Mu faɗa wa juna gaskiya. In muka fitar da jarumin labarinmu ƙasar waje, wurare uku muka sani: Landan, Dubai, sai Indiya in ciwo ya kama Hajiya. Ya sauka a jirgi, direba ya ɗauke shi, ya shiga katafaren gida, ya yi wanka, ya kira masoyiyarsa a waya. Shafi hamsin yana can, amma ko maƙwabci ɗaya bai yi ba. A littattafanmu ƙasar waje ado ce kawai, kamar labulen falo.

Alhali yanzu haka akwai wata ƙaura da ake yi wadda ta fi duk wannan nama. A tsibirin Sisili na Italiya akwai wani ɗan gari, Sambuca, mutanensa ba su kai dubu shida ba. Girgizar ƙasar 1968 ta taɓa shi, samari kuma suka riƙa ficewa neman aiki, gidaje suka zama kango. A 2019 hukumar garin ta sa gidaje 16 a gwanjo, farashin farko Yuro ɗaya. Sharaɗin shi ne ka ajiye Yuro 5,000 jingina, ka gyara gidan cikin shekara uku. Baƙi suka yi ca, musamman Amurkawa, har farashin ya haura dubbai. A 2021 aka sake fito da wasu a Yuro biyu. Cikin masu zuwa irin waɗannan garuruwa akwai iyalan da albashinsu ke biyo su ta intanet, kamfani na wata nahiya, su suna ƙauye. (Wani abin sha'awa, har zuwa 1923 sunan garin Sambuca Zabut, kuma tsohuwar unguwarsa mai ƙananan lunguna gadon zamanin da Musulmi suka mulki Sisili ce.)

Wani zai ɗauka labarin shi ne arhar gida. A ganinmu gidan shi ne abu mafi ƙanƙanta a ciki. Labarin yana ga agogo.

A ce magidancin yana yi wa wani kamfani na Niyok aiki. Sisili tana gaban Niyok da awa shida. Ƙarfe tara na safen ofishinsa ƙarfe uku na rana ne a ƙauyen, tashinsa kuwa sai sha ɗaya na dare. To a irin waɗannan garuruwa shaguna kan rufe da tsakar rana, sai da yamma gari ke fitowa. Tsofaffi su jeru a dandali, iyalai su yi ta tattaki ana gaisawa, a nan ake jin wa ya rasu, wa ke sayar da gonar zaitun, wane magini ne ba ya cika alkawari. Daidai wannan lokacin shi yana ƙunshe a ɗaki, kunnuwa a toshe, yana taro da mutanen da ke bayan teku. Da safe da yake da sarari, kowa na sabgarsa. Sai ya shekara a garin, ya san kalmar sirrin intanet ɗin kowane shagon shayi, bai san sunan tsohuwar da ke kallonsa ta taga ba.

Waɗanda suka yi ƙaurar da gaske su ne matarsa da ƴaƴansa. Ita ce ke fama da mai famfo da harshen da ba ta iya ba, ita ke bin layin takardu, domin mallakar gida ba ta ba wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba izinin zama, kuma bizar masu aiki daga nesa sai a 2024 Italiya ta fara bayarwa. Yaran kuwa wata shida ya ishe su. Sun kama Italiyanci a makaranta, sun tsinci karin harshen Sisili a bakin tsofaffi. Ranar da yarinya ƴar shekara tara ta tsaya tsakanin ubanta da magini tana tafinta, har tana rage zafin maganar uban don kada a ji kunya, ranar girma ya sauya hannu a gidan. Wa ya taɓa ba mu irin wannan fitowar a littafin Hausa?

Kada kuma mu mayar da mutanen garin gumaka masu murmushi. Suna da tasu buƙatar. Sun sayar da gida ne don a samu yara a aji kada makaranta ta mutu, a samu mai sayen burodi a watan sanyi. Baƙon da ya gyara gida ya kulle, sai bazara ya leƙo, bai biya musu wannan buƙata ba. Shi kuma mai kwamfuta yana nan, amma rabinsa ne. Tsohon da ɗansa ya tafi Jamus neman abinci, ga baƙo ya zo da nasa abincin cikin jaka ya zauna a gidan maƙwabcinsa da ya rasu, me yake ji? Murna ko haushi? Wataƙila duka biyun, kuma kafin azahar.

Mun san abin da za a ce: ba mu taɓa zuwa Sisili ba. Gaskiya ne. Dubai ɗin ma yawancinmu a hoto muka gan ta, bai hana mu cika shafuka da ita ba. Sunan titi da farashin burodi bincike ke kawo su, kuma dole a yi binciken, kada a sa wa Sisili dusar ƙanƙara a watan Yuli. Abin da bincike ba ya bayarwa kuwa muna da shi tuni. Mun ga malamin da aka tura ƙauye, jikinsa na can, kullum yana kan tudu yana neman sabis. Mun ga amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, ta koyi gaisuwarsu kafin mijin da ya kawo ta.

Ga inda za mu so wani ya buɗe babin farko. Ƙarfe shida na yamma, ƙararrawar coci tana bugawa, za a fito da gawar maƙwabci ta ƙofar gidansu. Uwargida ta ƙwanƙwasa ɗakin aiki, maigida ya ɗaga mata yatsa ɗaya, wai saura minti goma.