Bindigar Farauta Mai Ɗura Kanta: Sauri ko Saiti?

Kowace shekara idan kaka ta kama a ƙasar Amurka, watau wajen watannin Oktoba da Nuwamba, miliyoyin mutane sukan saɓi bindigoginsu su nufi daji farautar barewa. Kafin ranar fita kuwa kantunan makamai sukan cika da masu ciniki, sa'an nan tsohuwar gardamar nan ta maharba ta sake tashi: wace bindiga ta fi dacewa da farauta, mai ɗura kanta ko kuwa mai sakata wadda ake ja da hannu? Mai karatu yana iya ɗaukar wannan a kan hirar masu abin hannu, amma fa amsar da mutum ya bayar ta shafi wahalar dabbar da zai harba, da ran abokin tafiyarsa, har ma da zamansa a gida ko a gidan kaso.

Da farko ya kamata a bambance abubuwa biyu da jama'a suke yawan haɗawa. Bindiga mai ruwa, irin ta yaƙi, muddin yatsa yana kan kunama to harsashi zai yi ta zuba. Ita kuwa wadda ake magana a kanta a nan, jan kunama ɗaya harsashi ɗaya take fitarwa, sai dai ita da kanta take tofar da kwanson da ya ƙone ta ɗora sabon harsashi, maharbi bai taɓa kome ba. Yawancin irin na yanzu da hayaƙin albarushi suke aiki. Akwai 'yar ƙaramar huda a jikin bututun bindigar. Idan harsashi ya wuce ta, sai wani kaso na hayaƙin ya bi ta nan ya tura sakata baya, kwanso ya fita, kana wata waya mai tsalle ta komo da sakatar gaba tana ture da sabon harsashi daga gidansa. Duk wannan yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido.

Dabarar ba ta yau ba ce. John Browning, wani maƙerin bindigogi Ba'amurke, shi ne ya ƙago wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1906, wadda daga baya aka sa wa suna Model 8, ita kuwa da ƙarfin tokarin harbi take ɗura kanta. Kamfanin ya fito da Model 740 mai aiki da hayaƙi a 1955, sa'an nan 742 a 1960 da 7400 a 1981. A 1967 kuma aka fara sayar da Browning BAR ta farauta, ƙirar masana'antar FN da ke Herstal a ƙasar Beljiyam. Akwai kuma 'yar ƙaramar nan Ruger 10/22 wadda ta fito a 1964, wadda aka sayar da miliyoyinta don harbin zomo da kurege.

Masu yabon irin wannan bindiga suna da hujjoji biyu, kuma dukansu gaskiya ne. Na ɗaya, harbi na biyu yana zuwa da sauri ba tare da maharbi ya ɗauke ido daga kan dabba ba. A cikin kurmi mai duhu, inda barewa takan ɓullo ta ɓace nan take, ko a farautar aladen daji da ake yi a Faransa da Jamus, inda masu kora da karnuka suke tunkuɗo dabbobi a guje zuwa wurin maharba, wannan saurin yana da amfani ƙwarai. Na biyu, da yake wani kaso na ƙarfin harbin yana tafiya wajen motsa sakata, tokarin da kafaɗa take sha yakan yi sauƙi. Wanda bindiga ba ta firgita shi kuwa ya fi iya saiti, gama mai tsoron tokari yakan runtse ido ya fizgi kunama tun harsashi bai fita ba.

Amma fa kowane alheri da kuɗinsa. Bindiga mai ɗura kanta tana da ƙarafa masu motsi da yawa, saboda haka takan ɗara mai sakata nauyi da tsada, kuma ba ta jure ƙazanta. Idan toka ta toshe hudar hayaƙi, ko tsatsa ta kama ɗakin da harsashi yake kwanciya, sai kwanso ya maƙale a daidai lokacin da ake bukatar harbi na biyun da aka saye ta dominsa. Har wa yau tana da tsirfa wajen harsashi: wanda ƙarfinsa ya gaza ba zai iya tura sakata ba, wanda ya yi yawa kuma ya riƙa dukan ƙarafa har su gaji. Bugu da ƙari, da zarar an yi harbi to wani harsashin ya riga ya hau, yana jiran kunama. Maharbin da murna ta ɗauke shi ya juyo wajen abokansa bai rufe makullin tsaro ba, lalle ya juyo musu da ajali.

Saboda haka gwanayen maharba sukan ce a fara da tambayar dabba kafin a tambayi bindiga. Ana gane girman harsashi da lambarsa, wadda take nuna faɗinsa a ma'aunin inci. Mai lamba .22 na zomo ne da makamantansa, wanda ya harbi babbar dabba da shi ya zalunce ta, gama rauni kawai zai yi mata ta tafi ta mutu a wani wuri bayan kwanaki. Mai lamba .243 Winchester, wanda ya fito a 1955, ya isa ga barewa matsakaiciya. Manyan barewa da aladen daji kuwa sai irin su .270 Winchester na 1925, da .308 Winchester na 1952, da tsohon nan .30-06 wanda sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1906. Wanda ya zaɓi harsashi daidai da dabbarsa ya gama rabin ciniki, saura ya ga ko ana samun irinsa a kusa da shi, don bindigar da babu abincinta sanda ce.

Bayan wannan sai a duba ko bindigar ta zauna wa mutum a jiki. Ya ɗora ta a kafaɗa ido a rufe, sa'an nan ya buɗe: idan idonsa ya faɗa kan saiti ba tare da ya miƙa wuya ko ya takure ba, to tsawonta ya yi masa. Ya gwada kunama ya ji ko tana sakin harbi sarai ko kuwa tana jan ƙafa. Ya tambaya yadda ake kwance ta a goge, da ko akwai maƙerin da zai samo kayan gyaranta. Kana ya tafi filin gwaji ya yi ta harbin allo daga nisan mita 100 har harsasansa su riƙa taruwa wuri guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin lura a cikin al'adar masu farautar manyan namun daji a Afirka. Waɗanda sana'arsu ke nan, masu tunkarar ɓauna da giwa, galibinsu mai sakata ko mai baki biyu suke riƙewa, da harsashi mai nauyi irin .375 wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Ƙasar Tanzaniya ma ba ta yarda baƙon maharbi ya shigo da mai ɗura kanta ba. Mutanen da ransu yake rataye a kan harbi na biyu sun fi amincewa da bindigar da ba ta da abin maƙalewa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sauri bai kai tabbaci daraja ba.

Daga nan sai maganar doka, wadda ita ce ta kamata a fara dubawa tun ba a taɓa aljihu ba. Ƙasashe da dama sun ƙuntata wa irin wannan bindiga saboda ɓarnar da aka yi da ita a kan mutane. A Birtaniya, bayan wani ya kashe mutum 16 a garin Hungerford a 1987, majalisa ta yi doka a 1988 ta haramta ta, ban da ƙaramar nan mai lamba .22. A Ostireliya an kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnati ta hana ta ga yawancin jama'a, ta kuma saye bindigogi wajen 650,000 ta lalata. Ƙasar Niyuzilan ta bi sahu a 2019, bayan an kashe masallata 51 a birnin Christchurch. A Jamus an bar maharbi ya riƙe ta, amma ba zai harbi dabba da ita tana ɗauke da harsashi fiye da 3 ba. Ko a Amurka kowace jiha da tata ƙa'ida: jihar Pennsylvania sai a 2017 ta halatta ta don ƙananan dabbobi, a lokacin kuma ba ta sa barewa a ciki ba.

A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne yake ba da lasisinta. Bindigogin farauta na zamani kuwa lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, amma dokar ta cire mai watsa ƙananan dalma idan mai ɗura kanta ce daga wannan kashi. Kashi na uku su ne haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, a cikinsu har da bindigogin soja masu harsashi 7.62 na milimita, da .300 da .303 na inci. Ya kamata mai karatu ya sani cewa .308 ɗin nan da Amurkawa suke yabo ɗan uwan 7.62 ne na soja, faɗinsu ɗaya. Dokar ta kuma hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi. Wanda aka kama da haramtacciya babu izini kuwa yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Saboda haka wanda ya ga bindiga a kantin Turai ta ba shi sha'awa, to ya fara neman takarda kafin ya nemi farashi.

Ashe ke nan mai ɗura kanta tana da wurinta: kurmi mai duhu, dabba mai gudu, ƙasar da doka ta yarda, da mai ita wanda ba ya ƙyuyar goge ta. Wanda bai cika waɗannan ba, mai sakata ta ishe shi. Tsofaffin maharba masu bindigar toka, waɗanda harbi ɗaya tak suke da shi kafin su sake ɗuri, sun san a yi sanɗa, a karanta iska, a jira dabba ta ba da gefe, a kuma tabbatar da abin da yake bayanta kafin a ja kunama. Maharbin da ya koyi wannan, kowace irin bindiga ya riƙa, da wuya ya bukaci harsashi na biyu.