Na'ura da ƙarfinta, manhaja ta tsufa: Ina mafita ga ɗakunan gwaje-gwajenmu?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da babbar manhajar Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga tsarin ƙarin wa'adi. Haka ya yi wa Windows XP a Afrilun 2014, da Windows 7 a Janairun 2020. Ma'aikacin ofis zai iya sayen sabuwar kwamfuta ya kwashe takardunsa, magana ta ƙare. Amma a ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'inmu da asibitocinmu, lamarin ya fi haka nauyi.

Na'urar auna sinadarai ko ta binciken jini, idan ta samu kulawa, takan shekara goma sha biyar ko ashirin tana aiki. Sai dai ba ta motsi sai da kwamfutar da aka haɗo ta da ita, wadda ke ba ta umarni tana karɓar sakamako. Manhajar da ke wannan aiki kuwa an rubuta ta ne domin Windows ɗin zamanin da aka ƙera na'urar. Shi ya sa za ka ga na'urar miliyoyin naira, amma ranta yana hannun wata tsohuwar kwamfuta da ko kyauta aka ba yaro ba zai karɓa ba.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a ɗora sabuwar Windows a huta? Abin ba nan take ba. Tsakanin na'ura da kwamfuta akwai 'yar ƙaramar manhaja mai aikin tafinta, wadda ma'aikata ke kira direba. Windows 11, da ta fito a 2021, mai tsarin bit 64 ce kaɗai, ba ta karɓar direban bit 32, ba ta kuma tayar da manhajojin bit 16. Haka nan katin da ake sokawa cikin tsohuwar kwamfuta, da kafar RS-232 da ake jona waya, da ɗan makullin lasisi da ake maƙalawa a kafar firinta, duk ba su da gurbi a yawancin sababbin kwamfutoci. Wani lokaci ma kamfanin da ya ƙera na'urar ya rufe, ko wani ya saye shi, ko ya ce sai dai a sayi sabon samfuri.

Zama a kan tsohuwar manhaja shi ma yana da nasa haɗari. A watan Mayun 2017 muguwar manhajar nan ta WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, ta taɓa har da na'urorin gwaji, aka soke ganin likita kimanin sau 19,000. Abin lura shi ne, tun a watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da gyaran da zai toshe ƙofar, ba a ɗora shi a kan kari ba. Idan haka ta faru ga Ingila, ina ga ɗakin gwajin da kowane ɗalibi ke soka filas ɗinsa domin kwashe sakamako?

A ra'ayinmu, kuskuren daga wurin saye yake farawa. Muna ware kuɗin na'ura, mu yi bikin ƙaddamarwa, amma ba ma ware ko sisi domin sabunta manhajarta. Muna kira ga asusun TETFund da hukumomin jami'o'i da na asibitoci da su sa sharaɗi a kowace kwangila: shekara nawa kamfani zai yi yana sabunta manhaja, nawa zai karɓa, kuma ya miƙa faifan manhaja da lasisi da takardun bayani ga cibiyar, ba ga ɗan kwangila ba.

Na'urorin da ke hannu kuwa, rigakafi ya fi magani. Kowane sashe ya rubuta wace na'ura ke kan wace manhaja. A ɗauki cikakken kwafin rumbun kowace tsohuwar kwamfuta a adana tun tana numfashi. Wadda ba za ta sabuntu ba a raba ta da intanet, a hana soka mata filas barkatai. A riƙa juya sakamakon bincike zuwa sigar da kowace kwamfuta za ta iya karantawa, kada aikin shekaru ya mutu tare da manhajarsa. Inda sabuntawa za ta yiwu, a fara gwadawa a wata kwamfuta dabam, sannan a auna samfuran da aka san sakamakonsu, a kwatanta da na da. Domin na'ura tana iya tashi lafiya lau, amma lissafinta ya kauce, kuma a asibiti kaucewar lamba ɗaya tana iya sa a ba majinyaci maganin da ba nasa ba.

Daga ƙarshe, wajibi ne a daraja masu fasahar ɗakin gwaji, a horar da su, a kuma sa su rubuta abin da suka sani. Bai kamata sirrin tayar da na'urar al'umma ya zauna a kan mutum ɗaya ba, wanda gobe zai iya yin ritaya. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma sai an san yadda aka adana ta. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ji, su kuma aikata.